Ƙafiya Mai Ɗauke da Tarihi: Zaɓen Kalmomi a Waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 1950 aka yi abubuwa biyu a wurare masu nisa da juna. A Ibadan, wakilan sassan Nijeriya sun zauna babban taron sake tsarin mulki, inda Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya bayyana cewa in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. A Indiya kuwa, ranar 26 ga watan, ƙasar ta zama jamhuriya, bayan ta gama haɗiye ɗaruruwan masarautun da Turawan Ingila suka bari a hannun sarakunansu. Mai karanta jarida a Zariya ko Bauci a wancan lokaci yana iya ganin labaran biyu a mako guda, kuma ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya gane cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Cikin wannan yanayi ne Malam Sa'adu Zungur ya tsara waƙarsa da ta fi kowace shahara, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". Manufar wannan takarda ita ce ta nuna yadda gaɓar "ya", wadda baitocin waƙar ke sauka a kanta, ta zama mahaɗar rumbunan kalmomi uku: na Hausar gado, na Larabcin malamai, da na taswirar duniya da boko ya kawo. Takardar na da'awar cewa wanda ya bi sawun amsa-amon waƙar zai karanta tarihin shekarun da aka yi ta, ko da bai buɗe littafin tarihi ba.

2.0 Waiwaye Kan Ayyukan Magabata

Nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya daɗe yana tafiya a hanyoyi biyu. Hanya ta farko ita ce ta masu auna kari. Tun 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa rubutattun waƙoƙin Hausa suna bin ma'aunin gajeriyar gaɓa da doguwa irin na arulin Larabci. A 1975 M. K. M. Galadanci ya faɗaɗa wannan magana a mujallar Harsunan Nijeriya, ya kwatanta dangantakar waƙar Larabci da ta Hausa da aure. Daga baya Russell Schuh ya ja hankali ga rerawa, yana mai nuna cewa ba duk abin da kunne ke ji ne ma'aunin Larabci ke iya kamawa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta masu bin jigo da tarihi. Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi a 1974 kan rayuwar Zungur da waƙoƙinsa da ra'ayoyinsa, wanda har yau shi ne madogarar mafi yawan masu nazarin mawaƙin. Mervyn Hiskett, a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ya sanya mawaƙan siyasa na ƙarni na 20 a matsayin magadan masu wa'azi na ƙarni na 19. Graham Furniss a 1996 ya duba waƙa cikin sauran nau'o'in adabin Hausa, sannan A. M. Yakubu a 1999 ya tattara rubuce-rubucen Zungur na siyasa da zamantakewa.

A tsakanin hanyoyin biyu akwai masu gina mazhabar nazari da harshen Hausa kansa. Abdulƙadir Ɗangambo, a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya shimfiɗa matakan da ɗalibi zai bi: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. Abdullahi Bayero Yahya, a Salo Asirin Waƙa, ya zurfafa a kan dabarun adon harshe. Amfanin wannan tsari a aji ba ya ɓuya. Sai dai yana da wata illa da ba marubutansa suka nufa ba: ɗalibi kan ambaci amsa-amo a layi guda ƙarƙashin zubi da tsari, ya ce waƙa kaza tana ƙarewa da harafi kaza, ya wuce zuwa jigo, kamar dai ƙafiya fenti ce da aka shafa bayan an gama gini. Wannan giɓi ne takardar ke son shiga.

3.0 Hanyar Nazari

An bi matakai uku. Na farko, an kasa ire-iren kalmomin da ke iya zama a ƙarshen baiti gwargwadon asalinsu. Na biyu, an auna gaɓoɓinsu da ma'aunin aruli don a ga dalilin da ya sa suka dace da wurin. Na uku, an yi wa kowace muhimmiyar kalma tambaya ɗaya: wace kalma ce mawaƙin ya bari ya ɗauki wannan? Nazarin ya tsaya ga ɗaiɗaikun kalmomi da sigar baiti, kuma an riƙa gwada kowane sakamako da abin da tarihi ya tabbatar.

4.0 Mawaƙin da Zamaninsa

Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur ɗan gidan malamai ne a Bauci. Ya yi karatun allo da na littattafai, ya shiga Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas. Ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan tsafta a Zariya. A 1943 yana cikin jagororin dandalin muhawara na Bauci, inda shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa tattauna al'amuran mulki a gaban jami'an En'e da Turawa. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Nnamdi Azikiwe, ya zauna Legas, ya ga siyasar Kudu daga cikin ɗakinta. Ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai.

Wannan taƙaitaccen tarihi ya isa ya nuna cewa mutumin yana da harsuna uku a bakinsa, kuma kowanne ya same shi ta ƙofar da ta dace: Hausa a gida, Larabci a zaure, Turanci a aji.

Akwai kuma batun Indiya. Dubban sojojin Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun bi ta Indiya zuwa yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma sunayen barikoki irin su Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya suna nan suna tuna wannan tafiya. Zungur da kansa ya yi wa waɗannan sojoji waƙar "Maraba da Soja". Saboda haka lokacin da aka raba Indiya da Pakistan a watan Agustan 1947, da lokacin da sojojin Indiya suka shiga Haidarabad a watan Satumban 1948 suka kawo ƙarshen mulkin Nizam, sarki Musulmi mai tarin dukiya, labarin bai zo wa mutanen Arewa daga wata duniyar da ba su sani ba. Akwai tsofaffin sojoji a kasuwanni da tashoshi da suka taka ƙasar da ƙafarsu.

5.0 Nazari

5.1 Karin Sassarfa

Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, kuma tana kan karin Mutadarak. A al'adar malaman aruli, Halilu ɗan Ahmad ya fitar da karuruwa goma sha biyar a ƙarni na 8, sai Ahfash ya riski na sha shida, shi ya sa aka kira shi Mutadarak, wanda aka cimma daga baya. Larabawa suna kiran wani nau'insa da sunan da ke nufin sassarfar doki, kuma duk wanda ya ji ana rera waƙar Zungur zai gane dalili. Ƙafar wannan nau'i gajeru biyu ce da doguwa ɗaya, ko kuma dogaye biyu a madadinsu, don haka ɗango yana tafiya da sauri, ba ya jan jiki irin na Ɗawil ko Basiɗ. Kari ne da ya dace da mai gargaɗi wanda yake ganin lokaci na ƙurewa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda ɗangon ke sauka. Ƙafar ƙarshe gutsurarriya ce, gajeriya ɗaya da doguwa ɗaya, kuma gaɓar da ta gabace ta doguwa ce. Ke nan gaɓoɓi uku na ƙarshe suna zuwa a jere kamar haka: doguwa, gajeriya, doguwa. Duk kalmar da za ta rufe baiti dole ta shiga wannan ma'auni, kuma ta ƙare da "ya".

5.2 Mahaɗar Hanyoyi Uku

A nan ne abin sha'awar yake. Harshen Hausa yana da ɗimbin sunaye jinsin mace masu ƙarewa da "-iya", kuma Paul Newman ya nuna tun 1979 cewa wannan ɗafi ne da aka liƙa wa tsofaffin kalmomi don fito da jinsinsu fili. Jam'i yana ba da shaida: zuciya da zukata, tunkiya da tumaki, kibiya da kibau. A duba nauyin mafi yawansu: gas-ki-ya, zu-ci-ya, du-ki-ya, ri-ji-ya, tsin-tsi-ya. Kowace doguwa ce, gajeriya, doguwa. Haka ma ƙarshen sarauniya da magajiya da mahaifiya. Wannan shi ne rumbu na farko, na tsakar gida da kasuwa, kuma ga shi ya zauna daram a gurbin da kari ya tanada.

Rumbu na biyu na zauren malamai ne. Larabci yana gina sunayen ma'ana, wato sunayen abubuwan da ba a gani da ido, da ɗafin "-iyya". Da shi aka gina kalmomin siyasar zamani a Masar da Sham tun ƙarni na 19, kuma jumhuriyya tana cikinsu. Idan Bahaushe ya sassauta shaddar ya ce jum-hu-ri-ya, mu-lu-ki-ya, sai ƙarshen kalmar ya koma doguwa, gajeriya, doguwa. Da an bar shaddar, da gaɓar tsakiya ta yi nauyi, kari ya karye. Abin lura ne cewa Hausa ta riƙe shadda a jam'iyya, wadda ita ma a wannan zamani ta bazu, amma a taken waƙar Zungur kalmomin biyu sun zo da "y" ɗaya. Duniya, wadda ta shigo Hausa tun da daɗewa har ta zama 'yar gida, ita ma wannan siga ta ɗauka.

Rumbu na uku shi ne taswirar ajin boko. Sunayen ƙasashe da yawa a bakin Turawa suna ƙarewa da sautin da Bahaushe ke ji kamar "-iya": Nijeriya, Indiya. Tsohon malami ya san Hindu daga littattafansa, amma Indiya ta jarida ce da bakin soja. Ita kanta Nijeriya suna ne da bai kai shekara sittin ba a lokacin, kuma ƙasar da ake kira da shi ba a haɗe ta ba sai a 1914. Ni-je-ri-ya: ƙarshenta doguwa, gajeriya, doguwa.

Sakamakon wannan haɗuwa shi ne, a kunnen mai sauraro, gaskiya da mulukiya da Nijeriya da duniya sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Baƙuwar kalma ta sami masauki kusa da wadda aka sani tun ana goye. Manomin da bai taɓa jin jumhuriya ba, idan ya ji ta faɗo a gurbin da magajiya ta faɗo ɗazu, ba zai ji ta kamar dutse a cikin tuwo ba. Amsa-amo ya yi aikin da ƙamus ba zai yi ba, domin ya ba kalmar takardar zama 'yar ƙasa kafin a gama bayyana ma'anarta. Har nahawu ya taimaka: dukkan waɗannan kalmomi jinsin mace ne, haka ma Arewa da Kudu idan ana nufin yanki, don haka lamirin "ta" yana iya zarcewa daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da tuntuɓe ba, kuma ƙofar mutuntarwa a buɗe take.

Ya kamata a kuma duba waɗanda aka bari a waje. Kalmomin mulkin Turawa da suka cika bakin mutane a lokacin, irin su gwamna, razdan, di'o, En'e, ba ɗaya da ke ƙarewa da "ya". Ƙafiyar da mawaƙin ya zaɓa ba ta ba su wurin zama a ƙarshen baiti, inda murya ke sauka, inda kuma hadda ke kamawa. Ko da gangan ya yi ko kuwa kunnensa ne ya ja shi, sakamakon ɗaya ne: muhawarar makomar Arewa ta gudana da kalmomin gida da na Larabci, Bature kuwa ya koma gefe, kamar mai shirin tafiya. A 1950 wannan karatu ne na siyasa mai nisa, domin saura shekara goma cur a sauke tutar Ingila.

Amsa-amon bai tsaya ga "-iya" kaɗai ba. Gaɓar "ya" ce ƙafiyar, don haka kalmomi irin su ɗaya da tsangaya da miya suna da hakkin shiga. Wannan sassauci ne ya hana waƙar zama jerin sunayen ma'ana masu gundura. Bayan kalma mai rawani sai ga ta tukunya.

5.3 Me Ya Hana "Sarauta"?

Mataki na uku na hanyar nazarin ya fi ba da amfani a kan taken waƙar. Hausa tana da kalmar sarauta, kowa ya san ta. Me ya sa Zungur ya tsallake ta ya ɗauko mulukiya?

Amsar kari da ƙafiya tana nan, amma ba ta wadatar ba. Sarauta a 1950 ba ra'ayi ba ce da ake muhawara a kansa. Abu ce da talaka ke gani kullum: hakimi da dagaci, dogari da ɗan doka, haraji da jangali, kotun sarki da gidan yari na En'e. A watan Agustan wannan shekara Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, kuma a watan ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Da mawaƙin ya ce sarauta yake karewa, da an ɗauka wannan kayan duka yake karewa. Mulukiya kuwa sabuwar ƙwarya ce da ba a taɓa zuba kome a ciki ba. Ya sami damar zuba mata abin da yake so: sarki mai majalisar shawara, mai bin doka, irin tsarin Ingila. Ita ce dabarar mai gyara wanda ba ya son rushewa: ya ba tsohon gida sabon suna, sannan ya ce wa masu gidan su cancanci sunan.

Ginin kalmar ma yana da magana. Daga muluk aka ciro ta, jam'in malik, wato sarakuna. Arewa ba sarki ɗaya gare ta ba. Akwai Sarkin Musulmi, akwai Shehun Borno, akwai sarakunan yanka da dama, kowanne da ƙasarsa. Kalmar da aka gina a kan jam'i ta fi dacewa da wannan hali.

Sai dai akwai ƙaya a cikin zaɓin. Waƙar tana jingina da gadon masu jihadi, tana ambaton tutocin Shehu Usmanu, tana kuma ɗaga Shehu Abdullahi a matsayin wanda ya bar wa al'umma gadon da ya kamata a riƙe. To amma a rubuce-rubucen waɗannan shugabanni, mulki irin na muluk shi ne abin gudu. Sun kira kansu amirai da limamai. Shehu ya rubuta Kitabul Farƙi don bambance gwamnatin Musulunci da ta sarakunan da ya yaƙa. Abdullahi kuwa, tun jihadi bai ƙare ba, ya ga alamun son duniya a cikin jama'a, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake shugabanci bisa shari'a. Zungur, wanda ya tashi a cikin littattafan nan, ba zai rasa sanin wannan ba. Kiran sunan Abdullahi a waƙar da ke kare mulukiya yana da kaifi biyu: yana ba sarakuna tsani, yana kuma tuna musu mutumin da ya fi kowa sukar abin da sarauta ke iya zama. Mai nazarin da ya karanta waƙar a matsayin yabon sarakuna kawai bai ji wannan kaifi na biyu ba.

Ita kuma jumhuriya, daga jumhur take, wato taron jama'a. A waƙar ba a ba ta kyakkyawar fuska ba, domin an ɗaure ta da tsoron rinjayen Kudu, wadda ta yi wa Arewa nisa a ilmin boko. Ƙaramar kalmar "ko" da ke tsakanin su biyun ta mai da take tambaya, irin wadda ake jefa wa taro.

5.4 Wa'azi da Aka Sauya wa Alƙibla

Sashen waƙar da ya fi zama a bakin mutane shi ne inda mawaƙin ke buɗe baiti bayan baiti da kalmar sharaɗi "matuƙar", yana jero cututtukan al'umma: karuwanci da daudanci, bara da yawon yara a titi, jahilci da sakaci. Wannan maimaici tsohon kayan aikin masu wa'azi ne. "Tabban Haƙiƙa", wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, ita ma jero masu laifi take yi, ciki har da azzaluman masu mulki, tana rufe kowane baiti da tabbacin sakamako. Mai sauraron Zungur ya san wannan sauti tun yana yaro.

Bambancin yana wurin sakamakon. A waƙar wa'azi, ƙarshen mai laifi wuta ce a lahira. A wurin Zungur, ƙarshen al'ummar da ta ƙi gyara kunya ce a idon duniya, da zama a ƙarƙashin wasu a cikin ƙasa ɗaya. An riƙe tsarin jimlar wa'azi, sharaɗi da sakamako, amma an sauko da ranar hisabi zuwa ranar da Bature zai tafi. Kalmar duniya, wadda a waƙoƙin zuhudu ake siffanta ta da mayaudariyar mace da ya kamata a guje wa, a nan ta zama taron ƙasashe masu kallo, waɗanda ake jin nauyin idonsu. Kalma ɗaya ce, gurbinta a baiti ɗaya ne, amma shekara ɗari da hamsin sun juya ma'anarta.

Hotunan wannan sashe na ido ne, ba sa bukatar sharhi. Almajiri sanye da fata yana yawo gida gida hoto ne da kowane mai sauraro ya gani da safiyar ranar. Nan ƙarfin mawaƙin yake: bayan ya ɗaga mai sauraro zuwa kalmomin Larabci masu nauyi, sai ya dire shi a ƙofar gidansa.

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi wani abu kuma. Kalmomin da aka jefi na ƙasa da su sun fi waɗanda aka jefi na sama zafi. Karuwa da ɗan daudu da mabaraci an kira su da sunayensu tsirara, sarakuna kuwa an yi musu nasiha da lafazin girmamawa. Ana iya cewa hikimar mai shiga fada ce, wanda ya san cewa ba a nuna wa sarki yatsa. Ana kuma iya cewa iyakar tunanin gyara ke nan a wancan mataki. Matasan Kano sun ɗauki fassara ta biyu.

6.0 Martani da Makomar Kalmomin

Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950, ya mayar da martani da waƙar da ya kira "Arewa Jumhuriya Kawai". Ta fuskar zaɓen kalmomi, taken kaɗai darasi ne. Ya riƙe kalmomi biyu na farko na Zungur, ya goge "ko" da abin da ke bayanta, ya dasa "kawai". Tambaya ta koma hukunci da kalma ɗaya. Amma martanin ya tabbatar da nasarar wanda ake mayar wa: ko mai adawa da ra'ayin Zungur sai da ya yi magana da kalmar da Zungur ya shigar cikin waƙa.

Shekarun da suka biyo baya lokaci ne na ƙera kalmomin siyasa a Hausa, kuma rumbunan nan ne aka ci gaba da ɗiba. 'Yanci daga gida ya fito, daga 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba. Sawaba daga Larabci take, NEPU ta mai da ita take, har ta ƙetara iyaka ta zama sunan jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar. Ranar 18 ga Disamban 1958, shekarar da Zungur ya rasu, aka kafa Jamhuriyar Nijar, kalmar ta zama sunan hukuma ga Hausawan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Nijeriya ta bi sahu ranar 1 ga Oktoban 1963.

Abin da mawaƙin ya ji wa sarakuna tsoro ya zo, amma ba ta hanyar da ya zata ba. Sojoji ne, a ƙarƙashin Yakubu Gowon, ɗan Arewa, suka raba Jihar Arewa gida shida a watan Mayun 1967, sannan aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala sauran. Sarakuna sun tsira da rawani da fada da girmamawa, ikon zartarwa ya koma wani wuri.

Kalmomin take biyu ma kowace ta bi hanyarta. Jumhuriya ta sauya wasalin farko ta zama jamhuriya a bakin gidajen rediyo da jaridu, har ana lissafa ta: ta farko, ta biyu daga 1979 zuwa 1983, ta huɗu tun 1999. Mulukiya kuwa ba ta kama kasuwa ba. Mai fassara labarai a yau, idan zai yi maganar Saudiyya ko Maroko ko Ingila, masarauta yake cewa ko mulkin sarauta, kuma ɗalibin da ya ci karo da mulukiya a jarrabawar Hausa, kusan kullum a taken waƙar Zungur yake cin karo da ita.